Dogarai da Maƙeran Hanta: Dalilin da Ya Sa Magani Yake Yi wa Mai Zazzaɓi Ƙarfi

A wannan wata filinmu na kiwon lafiya zai yi magana ne a kan hanta da magani.

Akwai wani abu da mutane da yawa suka taɓa lura da shi. Mutum yana da maganin da ya saba sha, bai taɓa ba shi wahala ba. Ran nan zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya sha wannan magani dai, daidai yadda ya saba. Sai ya ji jiri, ko amai, ko bugun zuciya, ko barci mai nauyi. Sai ya ce ai maganin jabu ne, ko kuma ya lalace. Wani lokaci gaskiyarsa ne, don jabun magani yana nan a kasuwa. Amma sau da yawa maganin lafiyarsa ƙalau. Jikin ne ya sake, kuma a hanta abin ya faru.

Hanta ƙofar gari ce

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci yana fiɗa ya san hanta. Ta mutum tana ɓangaren dama, a ƙarƙashin haƙarƙari. Ta babban mutum takan kai nauyin kilo 1 da rabi. A cikin kayan ciki babu wanda ya kai ta girma. A kowane minti jini wajen lita 1 da rabi yake ratsa ta, wato kamar ledar fiya-wata 3.

Kusan duk abin da ka haɗiya, tuwo ne, fura ce, goro ne, ƙwayar magani ce ko jiƙo, idan ya narke a hanji ya shiga jini, ba ya zarcewa zuciya kai tsaye. Akwai wata babbar jijiya da take kwaso jinin hanji ta kai shi hanta tukuna. Sai an duba shi a nan, sannan ya wuce sauran jiki. Ke nan hanta kamar ƙofar gari take. A wannan ƙofa akwai ma'aikata iri biyu da ya kamata mu sani.

Na farko wasu sinadarai ne ƙanana ƙwarai, ko madubin likita ba ya nuna su. Likitoci suna kiransu inzayim. Babban gida a cikinsu sunansa P450. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Japan, Omura da Sato, su suka raɗa musu wannan suna a 1962. Mu a nan za mu kira su maƙeran hanta. Sunan ya dace da mu, tun da tarihi ya ce daga Gaya maƙerin nan Kano ya tashi ya tafi Dala neman tama. Abin sha'awa kuma, kowane ɗaya daga cikin sinadaran nan yana da ɗan ɗigon ƙarfe a tsakiyarsa, kuma da shi yake aiki.

Mene ne aikinsu? Yawancin magunguna halin mai gare su, ba sa haɗuwa da ruwa. Abin da ba ya haɗuwa da ruwa kuwa ƙoda ba ta iya fitar da shi a fitsari cikin sauƙi. To maƙeran nan su ne suke kama magani su sake masa siffa, har ya zama abin da ruwa zai iya ɗauka. Daga nan ya fita ta fitsari, ko ya bi ta matsarmama ya fita ta bayan gida. Jikin mutum yana da irin waɗannan maƙera 57, amma wajen 12 ne suke yin yawancin aikin magani. Guda ɗaya a cikinsu, wanda ake kira 3A4, shi kaɗai yana sarrafa tsakanin sulusi da rabin magungunan da ake ba mutane.

Idan likita ya ce ka sha 1 da safe 1 da dare, ba ka ce kawai ya yi ba. An auna saurin maƙeran ne. Ka ɗauka randa ce mai ɗan yoyo. Kana zuba moɗa 1 da safe, moɗa 1 da dare, ruwan yana tsiyayewa daidai da yadda kake zubawa. Ruwan randar ba ya ƙarewa, ba ya kuma ambaliya. To yaya ke nan idan hudar ta tsuke, kai kuwa ba ka sani ba, ka ci gaba da zubawa?

Su wane ne dogaran?

Ma'aikata na biyu ƙwayoyin halitta ne masu rai. Jinin da yake fitowa daga hanji ba ya rasa ƙwayoyin cuta da tarkacensu. Saboda haka a cikin 'yan ƙananan hanyoyin jini na hanta akwai masu gadi a zaune, sun manne a jikin bango. Duk abin da bai dace ba idan ya zo wucewa, sai su cafke shi su haɗiye. Suna haɗiye ƙwayoyin cuta. Suna haɗiye jan jinin da ya tsufa. Suna haɗiye wanda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta shiga. Har ma baƙin dattin da ƙwayar zazzaɓin take bari yakan taru a cikinsu, shi ya sa hantar wanda ya daɗe yana fama da wannan zazzaɓi takan yi duhu.

Wani likita Bajamushe mai suna Kupffer shi ya fara ganin su a 1876, kuma sunansa suke amsawa har yau. Shi ya zaci wani ɓangare ne na bangon jijiya. Sai a 1898 wani likita ɗan ƙasar Folan mai suna Browicz ya nuna cewa masu haɗiye cuta ne. Mu za mu kira su dogaran hanta. Akwai irinsu a huhu da saifa da sauran wurare, amma mafi yawan masu zaman gadi irin wannan a hanta suke.

Dogari ba kamu kaɗai yake yi ba. Idan ya ga abokan gaba sun yi yawa, sai ya yi shela. Shelar tasa wasu sinadarai ne da yake saki cikin jini. Babba a cikinsu ana kiransa intalukin 6. Idan shelar ta isa ƙwaƙwalwa, sai jiki ya yi zafi. Ita take kawo ciwon gaɓɓai, da kasala, da ƙin abinci. Wannan hali na zafi da kumburi da jiki yake shiga idan yana yaƙi da cuta, shi ne abin da muke nufi da kumburi a wannan bayani. Ba lalle sai ka gan shi da ido ba. Yana iya zama a can cikin jiki.

Idan an buga gangar yaƙi

A zamanin da, idan aka ce ga yaƙi nan tafe, maƙerin gari ba ya zama yana ƙera garma da lauje. Ajiye su yake yi ya koma ƙera kibiya da mashi. Wanda ya kawo fartanyarsa gyara sai ya yi haƙuri.

Haka hanta take yi. Dogarai da maƙera maƙwabtan juna ne, don haka hanta ce take fara jin shela. Nan da nan sai ta juya aikinta. Ta shiga yin sinadaran da suke manne wa ƙwayar cuta don a gane ta a kashe. Ta ƙara yin masu daskarar da jini saboda rauni. Ta ɓoye ƙarfen jini don kada ƙwayar cuta ta samu ta ci. Akwai ɗaya daga cikin makaman nan da ake aunawa a asibiti, ana kiransa CRP, wanda yakan ninka sau ɗaruruwa cikin kwana 2. A daidai wannan lokaci kuma hanta takan rage yin sababbin maƙera. Tsofaffin suna ƙarewa, ba a mayar da gurbinsu yadda aka saba. Bugu da ƙari, dogarai suna fitar da wata iska mai kashe ƙwayar cuta, wadda takan liƙe a jikin ɗigon ƙarfen nan na maƙera ta hana su aiki.

Ga hudar randa ta tsuke ke nan. Magani yana shiga, ba ya fita da sauri. Na safe bai gama fita ba na dare ya same shi. Kwana 2, kwana 3, sai ya taru a jini ya wuce ƙima.

A lura da abu guda. Ba sai ciwon yana cikin hanta ba. Maruru babba, ciwon huhu, taifod, ƙuna, karaya, ko aikin tiyata, duk suna sa a yi shela, kuma jini zai kai ta hanta. Sannan ba duk maƙera suke raguwa daidai da juna ba. Wasu sukan yi sanyi ƙwarai, wasu kaɗan. Idan ciwo ya warke, sukan komo bakin aiki a hankali, cikin kwanaki ko 'yan makonni.

Yaya aka gano haka?

A 1976 wasu masana a Amurka suka tayar da garkuwar jikin ɓeraye da gangan, sai suka ga maƙeran hantarsu sun ragu. A 1978 aka ga alamar haka a jikin yara masu asma. Amma abin da ya farkar da likitoci ya faru ne a 1980, a yankin birnin Siyatil na Amurka. Wata mura mai zafi ta ɓarke. Akwai yara 11 masu asma da suka daɗe suna shan wani magani mai suna tiyofilin, lafiya lau. Da murar ta kama su, sai maganin ya zame musu guba. Yawancinsu suka yi ta amai, 2 suka yi jijjiga. Ba a ƙara musu ko ƙwaya 1 ba. Wannan magani da ɗan'uwansa aminofilin sanannu ne a asibitoci da kemis na ƙasar nan.

A nan gida Nijeriya ma an gwada. A shekarar 2000 likitocin Jami'ar Ibadan da abokan aikinsu na Ingila suka fitar da sakamakon wani bincike. Sun yi amfani da kafin, wato sinadarin nan da yake cikin goro da shayi da kofi, mai hana barci. Sun zaɓe shi ne don maƙerin da yake sarrafa shi sananne ne, kuma shi ne dai yake sarrafa tiyofilin. Suka ba yara ɗan kaɗan, suka riƙa auna tsawon lokacin da rabinsa yake ɗauka kafin ya bar jini. A jikin yara masu lafiya, kusan awa 4. A jikin masu zazzaɓin cizon sauro, awa 9. A jikin masu tamowa irin mai kumbura jiki, awa 13. Yaran da aka gwada ba su da yawa, amma tazarar babba ce. A ganina wannan lamba ta ƙarshe ita ce ta fi shafar mu. Yaron da yunwa ta ci, kuma zazzaɓi ya kama shi a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, shi ne hantarsa ta fi kowa rauni, kuma shi ne aka fi ɗura wa magunguna barkatai.

Kwinin ma haka yake. An daɗe da sanin cewa yakan fi daɗewa a jinin mai zazzaɓi mai tsanani fiye da na mai lafiya. Shi ya sa idan ana yi wa mutum ƙarin ruwa da kwinin, ya wuce kwana 2 hantarsa ko ƙodarsa ba ta farfaɗo ba, likita yakan rage sulusin maganin. A yau allurar atesunet ce ta farko wajen zazzaɓi mai tsanani, kwinin sai idan babu ita.

An kuma gwada abin ta baya. Akwai masu wani ciwon gaɓɓai mai daɗewa, wanda jikinsu kullum cikin shelar yaƙi yake. A 2011 aka ba wasu daga cikinsu allurar da take toshe intalukin 6. Cikin mako 1, maganin rage kitsen jini da aka gwada a jikinsu ya ragu a jini da fiye da rabi. Wato da aka yi wa mai shela shiru, maƙera suka koma bakin maƙera.

Wane magani ne abin lura?

A nan sai an yi hattara. Kada wani ya karanta wannan ya ce zai rage maganin zazzaɓi da kansa. Maganin zazzaɓin cizon sauro a jikin masu zazzaɓi aka auna shi tun farko, don haka an riga an yi lissafin halin da hantarsu take ciki. Irin su Coartem sau 6 ake sha cikin kwana 3, tare da madara ko abinci mai maiƙo. A shanye duka. Wanda ya sha rabi ya ajiye rabi, zazzaɓin zai dawo masa.

Inda hatsarin yake shi ne maganin yau da kullum, wanda aka tsara wa mutum lokacin da yake lafiya. Misali maganin asma, da na farfaɗiya, da na taɓin hankali, da na tsinka jini, da wasu na hawan jini da ciwon suga. Mai shan irin waɗannan idan zazzaɓi mai zafi ya kama shi, ya je asibiti da wuri, kuma ya tafi da kwalin maganin a hannu. Kada ya daina sha da kansa, musamman mai farfaɗiya, don dainawa kwatsam tana tayar da ciwon. Malamin asibiti ne zai ce a rage ko a bari.

Iyalin mara lafiya su sa ido. Amai da rawar hannu da bugun zuciya ga mai maganin asma. Tangaɗi da ganin abu biyu-biyu ga mai maganin farfaɗiya. Jini a dasashi ko baƙin bayan gida ga mai maganin tsinka jini. Gumi da ruɗewa ga mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba. Duk waɗannan ba na jira har gobe ba ne.

Akwai kuma abin da yake ƙara dagula lamarin, wato magani a kan magani. Mu ɗauki sifro, wanda ake saya a kemis da zarar an ce taifod. Sifro yana danne maƙerin nan mai sarrafa tiyofilin da kafin. To ka ga mai asma, zazzaɓi ya riga ya sanyaya masa maƙeri, ga sifro ya zo ya ƙarasa danne shi. Ko mai cin goro da yawa idan yana shan sifro yakan ji zuciyarsa tana bugawa, barci ya ƙi zuwa. Maganin tarin tibi kuwa akasin haka yake yi. Rifamfisin, wanda yake mayar da fitsari ja, zuga maƙera yake yi su riƙa sauri. Sai su cinye ƙwayar tazarar haihuwa da maganin zazzaɓi irin Coartem kafin su yi aiki. Mai shan maganin tibi ya faɗa wa duk wanda zai rubuta masa wani magani.

Wasu magungunan ma a barci suke shiga jiki, sai maƙeri ya taɓa su suke farkawa su yi aiki. Firoguwanil da ake ba masu sikila don rigakafin zazzaɓi yana cikinsu. Irin waɗannan idan maƙeri ya yi sanyi, ba taruwa ce matsalar ba, rashin ƙarfi ne.

Farasitamol da haɗin kemis

Farasitamol magani ne mai kyau idan an bi ƙa'ida. Amma idan maƙera suna sarrafa shi, akwai ɗan tartsatsi mai guba da yake fita. Hanta tana da ajiyar wani sinadari da take kashe tartsatsin da shi. Yunwa da giya da doguwar jinya suna rage wannan ajiya. Idan aka sha da yawa, ajiyar ta ƙare, sai tartsatsin ya ƙona hanta. Dogarai su taru a wurin, hanta ta kumbura.

Babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 masu lamba 500 a kwana guda, kuma ya bar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Ramamme da mai ciwon hanta nasu bai kai haka ba. Na yaro kuwa da nauyinsa ake aunawa. Abin da yake yaudarar mutane shi ne farasitamol yana ɓoye a cikin magungunan mura da na ciwon jiki masu sunaye dabam-dabam. Mutum ya sha Panadol, ya sha na mura, ya sha haɗin da aka ƙulla masa a leda ranar kasuwa, bai san abu ɗaya ya sha sau 3 ba. Ni dai ban ga amfanin ƙwayar da ba ta da suna ba ta da kwali ba. Wanda ya sha fiye da ƙima yakan ji garau a ranar farko, sai bayan kwana 2 ko 3 ido ya yi rawaya. Akwai makarinsa a asibiti, kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko.

Jiƙo da tsimi da sassaƙe su ma ta hannun maƙeran nan suke bi. Ba a san adadin abin da yake cikin kofi guda ba. Mai shawara, wanda idonsa ya riga ya yi rawaya, hantarsa ce take kuka. Ɗura masa jiƙo iri-iri ƙarin kaya ne a kan jakin da ya durƙusa. Idan an riga an ba shi, a faɗa wa malamin asibiti gaskiya.

Yaƙin da ba ya ƙarewa

Zazzaɓi yakan zo ya wuce. Amma akwai cututtukan da suke sa dogarai su yi shekaru suna shela. Inda aka daɗe ana yaƙi kuwa tabo yakan maye gurbin nama, hanta ta taurare, maƙera su ragu har abada.

Ɗaya ita ce 'yar'uwar tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan kogi da fadama da kududdufi. Tsargiyar da muka sani fitsarin jini take sawa. Ita wannan ƙwayayenta a hanta suke maƙalewa. Masunta da masu noman rani a bakin kogin Wudil su lura. Maganin duka biyun ɗaya ne, firazikwantel. Wata kuma gubar fumfuna ce, ta gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba aka zuba a buhu. Abin takaici, maƙeran hanta da kansu suke mayar da ita mugun dafi garin ƙoƙarin fitar da ita. A tsince gyaɗar da ta yi baƙi ko ta yanƙwane, kada a mayar da ita ƙuli-ƙuli.

Babbar cikinsu ita ce ciwon hanta nau'in B. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a 2018 ya nuna mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi. Wato a ajin yaƙi da jahilci mai mutum 25, ana iya samun 2. Yawancinsu ba su sani ba, don yakan yi shekaru shiru. Idan ya haɗu da gubar fumfuna, hatsarin dajin hanta yakan ninka sau da yawa. Ana ɗaukarsa ta jini: askar wanzami da ba a tsabtace ba, allurar da aka yi wa wani, reza ɗaya ga mutum da yawa, saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa.

Gwajinsa ɗigon jini ne. Mutumin Kademi ko Shagogo, Toranke ko Balare, ya tambaya a asibitin da ya fi kusa da shi ko a Babban Asibitin Gaya. Wanda aka samu yana da shi akan tura shi Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a duba ko yana bukatar magani. Daga ranar kuma duk inda za a rubuta masa magani, ya fara faɗin cewa yana da ciwon hanta.

Tun 2004 allurar rigakafin wannan ciwo take cikin alluran yara a Nijeriya, kuma kyauta ce. Ta farko ta fi amfani idan an yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Matar da ta haihu a gida, kada a jira suna. Maigida ko ungozoma su kai jaririn asibiti a ranar. Sauran 3 ana yin su ne idan ya kai mako 6, mako 10 da mako 14.